An kawo maka kwalbar sitiroyid ka "ɗan gwada" a lab ɗin wurin aikinku? Ga yadda za ka zame ba tare da ka rasa aiki da lasisi ba

Wannan maganar da ƙannenmu masu aikin lab nake, ko kana babban asibitin ƙaramar hukuma ne, ko lab ɗin makaranta, ko kai ɗan IT ne, wato ɗalibin da aka turo koyon aiki, ko mai bautar ƙasa da oga ya yarda da kai har yake bar maka makulli in zai tafi Kano ranar Juma'a. Abin da ya tayar da ita kuwa, kwanakin baya na je gida ƙauyenmu can wajen Ringim, bayan isha'i muna zaune a dakali ana ta ƙorafin tsadar taki, sai ɗan kawuna ya yafito ni gefe kamar mai shirin faɗa min ya ga matar aure, ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihun wando ya haska min da fitilar waya, irin ta allura ce mai murfin roba da wani irin mai mai launin fatsi-fatsi a ciki, an rubuta testosterone enanthate 250 a jiki, babu lambar NAFDAC, sunan kamfanin ma ni dai ban taɓa jinsa ba. Ya ce "Yaya don Allah taimako za ka yi mana, mu huɗu muka yi karo-karo muka saya a hannun wani ta WhatsApp, to an ce jabu sun yi yawa, ka ɗan saka mana a injinku ka ga ko na gaske ne, ai minti nawa ne."

Yaron kirki ne fa, ko sigari ba ya sha, ɗaga ƙarfe kawai ya sa a gaba, irin jim ɗinmu na ƙauye da ake cika gwangwanin fenti biyu da siminti a soka bututu a tsakiya. Kuma a nasa ganin hankali ya yi, tunda bai ɗirka wa kansa abin kai tsaye ba ya ce bari a duba tukuna, ni ma na yaba masa wannan. Amma ban karɓi kwalbar ba, hannuna ma bai taɓa ta ba, kuma wannan shi ne darasin farko, kada ka karɓa da sunan "bari in gani", don daga lokacin da ta shiga jakarka ta zama kayanka.

Mu fara raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai sitiroyid irin su dexamethasone da prednisolone, su ne ake haɗawa a yi sha-ka-fashe da 'yan mata da masu son ƙiba suke sha fuska ta kumbura, wannan dangi daban ne da nasa bala'in. Wanda nake magana a kai shi ne na gina tsoka, wato testosterone da 'yan uwansa, nandrolone da ake sayarwa da sunan Deca-Durabolin, Sustanon, Dianabol, da stanozolol wanda shi ne aka kama Ben Johnson da shi a gasar Olamfik ta Seoul a 1988 aka ƙwace masa zinarensa na tseren mita 100. Akwai ma trenbolone da ake ƙiwata shanu da shi, da boldenone na dawakai, duk samari suna tsira wa kansu. Wasu daga ciki magani ne na gaske da likita ke rubutawa ga mai buƙata. Amma mai yawan abin da ke yawo a waya a ɗaki ake dafa shi, a sayo gari a narka cikin mai a ɗura a kwalba a manna takarda mai ƙyalli. Don haka shakkar da yaron yake yi gaskiya ce, inda ya kuskure shi ne ƙofar da ya ƙwanƙwasa.

To abin da za ka fara sawa a ranka, injinka ba zai ba da amsar ba, in ka ce ba zai yiwu ba ba ƙarya ka yi ba. Mutanen gari in sun ga farar riga da inji mai ƙyafta fitila sai su ɗauka duk abin da aka zuba masa zai faɗi sunansa kamar ɗan duba. Mu kuwa mun san injinan asibiti don jini da fitsari aka ƙera su. Ko injin homon ne, wato sinadaran da jiki ke haɗawa da kansa, testosterone ɗin cikin jini yake aunawa, wanda a namiji lafiyayye yake kamawa daga wajen nanogiram 300 zuwa 1000 a desilita, ita kuwa kwalbar nan cewa aka yi miligiram 250 a mililita guda, ka ga ninkin ya kai miliyoyi, kuma cikin mai yake ba cikin ruwan jini ba. In ka yi gangancin ɗura shi ko dai man ya toshe allurar injin ya tsaya cak a yi wata guda ana jiran injiniya daga Kano ko Legas mutane suna zuwa daga ƙauyuka a kan babur ana ce musu inji ya lalace, ko kuma ragowarsa ta bi samfurin da ke biye, matar da ta sayar da akuyarta ta zo gwajin rashin haihuwa ta tafi da sakamakon banza likita ya ɗora ta a kan abin da ba shi ba. Wannan alhakin a wuyan wa yake?

Injinan da za su iya ɗin su ne irin HPLC da GC-MS masu rarrabe sinadaran da ke cikin abu, a manyan lab na jami'o'i ake samunsu, da yawa ma kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ne ya saye su, kuma a nan ne teknolojis da masu digiri na biyu suke faɗawa rami don su suna da makulli kuma sun iya. Abin da mai roƙonka bai sani ba, kai kuma wataƙila ka manta, waɗannan injinan ba sa mantuwa. Manhajar da ke tuƙa su tana rubuta sunan wanda ya shiga, da ƙarfe nawa, da abin da ya gudanar, da fayil ɗin da ya buɗe, in ka goge ma gogewar kanta tana nan a rubuce a inda aka kunna rajistar bin diddigi. Ga littafin da ke kan tebur da kowa ke sa hannu, ga tukunyar gas ɗin heliyom da ake lissafinta don tsadarta, ga kwalaben methanol da acetonitrile da mai sito ya san adadinsu, ga maigadi da ya ga fitila a kunne ƙarfe goman dare ya ji janareta. Sannan shi man yana ɓata kolom, bututun da samfur ke bi a cikin injin, abin da da dala ake sayo shi, gobe wata ɗaliba ta saka ganyen zogalenta na furojet sai ga wani tsauni ya fito a jadawali da ba ta san daga ina ba, ta kai wa malaminta, malamin ya duba ya ga sunan nandrolone. Daga nan kai da kanka za ka fara tsarguwa duk sanda aka ce oga yana nemanka, mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Amma wallahi duk wannan ba shi ne ya fi kama mutane ba, bakin wanda ka taimaka ne. Zai ce tura min hoton sakamakon in nuna wa abokaina, ka tura, kafin asuba ya zaga guruf uku, ya isa hannun mai sayarwar, shi kuma ya ɗora a sitatus ya rubuta an gwada kayanmu a jami'a ga shaida, da tambarin makarantarku a sama da sunanka na shiga kwamfuta a ƙasa. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan, kai ka ci dubu biyar ko ma godiya kawai, shi ya samu talla ta shekara.

Mu ɗauka ma ba wanda ya gani. Me sakamakon zai gaya maka? Injin zai iya cewa wannan ya yi kama da kaza, amma yawansa fa, sai kana da ingantaccen ma'auni na asali da za ka kwatanta da shi, wanda ba a kemis ake sayarwa ba. Ba zai gaya maka ko akwai ƙwayoyin cuta a man ba, ba zai gaya maka gubar da suka bari ba, ba zai gaya maka ƙarfe mai guba ba sai da wani gwajin daban, kuma kwalba ɗaya ba ta wakiltar 'yar uwarta tunda a ɗaki aka ɗura su da hannu. Kai za ka ce "na gaske ne", shi abin da kunnensa zai ji shi ne "ba illa, Yaya ya duba". Ranar da ɗuwawunsa ya yi ƙurji ya tara ruwa aka tsaga, ko idonsa ya yi ɗorawa hanta ta taɓu, ko ya yi aure shekara uku shiru aka auna aka ga maniyyi ya ƙare, ba wajen mai WhatsApp za a je ba don layinsa a kashe yake, ƙofar gidanku za a zo, kawu ya kai ƙara wajen dagaci a ce ɗan wane ne ya ce musu su yi.

Yanzu doka, kuma a nan nake so ka nutsu don mutane suna cewa ai sitiroyid ba koken ba ne ba ruwan NDLEA. To ai ba NDLEA kaɗai ce hukuma ba. Tun 1993 dokar rajistar magunguna ta hana shigowa da magani ko haɗa shi ko tallarsa ko sayar da shi ko rarraba shi in NAFDAC ba ta yi masa rajista ba. Sai dokar jabun magunguna, wadda ta fito a 1999, ita ba mai haɗawa da mai sayarwa kaɗai ta kama ba, ta ambaci wanda aka samu jabu ko haramtaccen magani ko marar inganci a hannunsa, ta kuma ambaci wanda ya taimaka wajen sayarwa ko rarrabawa, hukuncin tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko ɗaurin shekara 5 zuwa 15, ko duka biyun. Ka duba fa, kwalbar tana cikin lokarka, hoton sakamakonka kuma shi ake talla da shi, lauyan gwamnati ba sai ya sha wahala ba. Kuma farin gari ko ƙwayar da ba ta da suna, wa ya tabbatar maka sitiroyid ne zalla? In aka buɗe aka tarar da tiramol a ciki, to waɗanda ka ce ba ruwansu ɗin sun shigo.

Ɗaya ɓangaren kuma wanda ya fi kusa da wuyan ma'aikacin gwamnati shi ne amfani da kujera. Dokar ICPC ta 2000, sashe na 19, ta ce ma'aikacin gwamnati da ya yi amfani da ofishinsa ya samar wa kansa ko ɗan'uwansa ko abokinsa wata moriya da ba ta dace ba, ɗaurin shekara 5 ne babu zaɓin tara. Ka lura ɗan'uwa ma yana ciki, don haka "ai ban karɓi ko sisi ba" ba lallai ta fisshe ka ba. Ga kuma laifin cin amana a kundin Penal Code da ake aiki da shi a nan arewa, inji da sinadarai amana aka ba ka. In ka kai ga buga sakamakon a takardar asibiti mai tambari ka danna hatimi, ka ƙara wa kanka zargin takardar bogi. Ni ba lauya ba ne, aikin lab na sani, amma waɗannan sassan duk ma'aikaci ya kamata ya taɓa karanta su ko sau ɗaya.

Gaskiyar magana dai sau da yawa abin ba ya kaiwa kotu, a ofis ake yanka mutum. Kwiri, wato takardar tuhuma, za a fara miƙo maka a ce ka amsa cikin ƙayyadadden lokaci, sai kwamitin ladabtarwa, sai a dakatar da kai kana karɓar rabin albashi, in abin ya tabbata babban laifi ne sai kora, kuma kora ba ajiye aiki ba ce, tana bin fayil ɗinka duk inda ka nemi aikin gwamnati. Bayan wannan ga hukumar sana'a. Mu na asibiti MLSCN, hukumar kula da masu aikin lab ɗin asibiti, ce ke riƙe da mu bisa dokar 2003, ita ke ba da lasisin da muke sabuntawa duk shekara, tana da kwamitin bincike da na ladabtarwa kuma tana iya cire sunan mutum daga rajista, ka ga ko lab mai zaman kansa a Hadeja ko Gumel ba za ka iya buɗewa da sunanka ba. Sannan tantance magani da ba da shaida a kansa ma ba huruminmu ba ne, wannan aikin NAFDAC ne da masu rajista da IPAN, cibiyar da aka kafa a 1992 don masu binciken abinci da magani. Kai kuma mai mafarkin Saudiyya ko Ingila, ka sani sai an nemi takardar shaidar kyakkyawan hali daga hukumar taka kafin su yi maka rajista, kuma ƙasashen waje ba sa wasa da wannan kayan, Amurka tun 1990 ta saka shi cikin ƙwayoyin da doka ta tsare, Ingila ma yana rukunin C a dokarsu. Ɗalibi kuwa nasa ya fi sauƙin yankewa, kwamiti ɗaya ne a kore shi yana ajin ƙarshe, ɗan IT a rubuta wa makarantarsu, mai bautar ƙasa a ƙara masa watanni.

Kuma ba kai kaɗai za ka nutse ba, wannan shi ya fi damuna. Oganka da ya ba ka makulli zai amsa tambaya, lab ɗin da ake ta fafutukar samar masa shaidar ingancin aiki ta ISO 15189 ko 17025 zai koma baya, duk sakamakon da ya fita a satin nan ya zama abin zargi. A Amurka, jihar Massachusetts, wata ma'aikaciyar lab ɗin gwamnati Annie Dookhan, ita ba sitiroyid ba ne nata, sakamakon gwajin ƙwayoyi take ƙirƙira, amma dubi ɓarnar mutum ɗaya, an rufe lab ɗin a 2012, an ɗaure ta, a 2017 aka soke shari'o'i sama da 21,000 saboda ba wanda zai ƙara yarda da takardar da ta fito daga wurin.

In mai kawo maka ɗan wasa ne da ke shiga gasa, ɗan tsere ko ɗan ƙwallo ko mai ɗaga nauyi, to nan ma ka ƙara ja da baya, musamman in cewa ya yi ka duba masa fitsari ko jini ya ga ko abin ya fita kafin a gwada su. Hukumar WADA mai yaƙi da shan kayan ƙara kuzari a wasanni ta duniya, da aka kafa a 1999, ta haramta waɗannan sinadarai a kowane lokaci, ɗan wasa yana iya shan dakatarwar shekara 4, mai safara ko mai yi masa allura kuwa daga shekara 4 har zuwa ta har abada. Lab ɗin da WADA ta amince da su ma, da duk ƙwarewarsu, an hana su karɓar samfur a ɓoye daga hannun ɗan wasa, to kai wane ne. Grigory Rodchenkov a lokacin shugaban lab ɗin gwajin 'yan wasa na Mosko ne guda, shi ya jagoranci musanya fitsari a gasar Olamfik ta Sochi a 2014, ƙarshenta gudu ya yi zuwa Amurka yana zaman ɓuya. Da sunansa Amurka ta yi dokar 2020 da ke farautar masu taimaka wa 'yan wasa ba su 'yan wasan ba, mutum na farko da ta kama shi ne Eric Lira na jihar Texas, wanda ya samar wa Blessing Okagbare tamu ta Najeriya kayan ƙara kuzari, ita aka cire ta ana tsakiyar gasar Tokyo a 2021 aka dakatar da ita shekara 10 daga baya ta koma 11, shi kuma ya tafi gidan yari.

To ya za ka ce a'a? Don na san nan ne wahalar, a ƙauye ba ka ce wa ɗan kawunka "doka ta hana" ka juya, gobe a ce boko ta sa ka girman kai. Ni ga yadda na yi. Ban yi masa faɗa ba, ban kira shi ɗan ƙwaya ba, don in ka kunyata shi ba zai ƙara gaya maka komai ba sai dai ka ji labari. Na ce "Ƙanena, ka ga injin nan namu jini yake sha ba mai ba, in na zuba masa wannan ya mutu, kuma duk abin da aka saka masa yana rubutawa da sunana. Kana so a kore ni in dawo mu riƙa raba tuwon Baba?" Ya yi dariya. Ka ɗora laifin a kan inji da tsarin aiki, kada ka ɗora a kansa. Kada ka ce "bari mu gani" ko "sai oga ya yi tafiya", wannan alkawari ne a kunnensa. Kada ka haɗa shi da wani abokinka na jami'a, ka tura wani cikin ramin kenan kuma sunanka na cikin zancen. Kada ka yi maganar a rubuce kana wasa kana cewa kawo mu gani, in ta waya ya tambaya amsa ɗaya ce gajera, ba na yi kuma ba a yi a wurinmu. In babba ne ya aiko, ko ɗan siyasa ko wani a sama da kai a ofis, ce masa "ranka ya daɗe a rubuto ta hannun shugaban sashe, in ya sa hannu sai a duba", ba mai rubutawa, maganar ta mutu a nan. In ya matsa, kai ka sanar da shugaban sashen da kanka ka rubuta ranar a littafinka.

Sai dai kada ka sallame shi hannu rabbana, don in ka ce a'a kawai gobe zai tsira abinsa. Abin da kake da hurumin gwadawa shi ne jikinsa ba kwalbarsa ba. In ya riga ya fara, ya yanki kati ya ga likita ya faɗa masa gaskiya, likita ya rubuta fom, ya biya a ba shi rasit, a duba hanta, ƙoda, kitsen jini, da yawan jini don wannan kayan yana sa jini ya yi kauri, a auna hawan jini, in suna karɓa-karɓa da sirinji a duba ciwon hanta na B da C da HIV. In ana buƙatar homon irin su LH da FSH ko awon maniyyi a tura shi inda ake yi, akwai likitocin homon a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai manyan asibitoci a Dutse da Birnin Kudu. Wannan duk halal ɗin aikinka ne, sunansa na rajista, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta rufe sirrin marar lafiya, ka gaya masa haka don tsoronsu kenan kada Baba ya ji. Wanda ya daɗe yana yi kuma kada ka ce masa ya yanke yau da kansa ba tare da likita ba, jikinsa ya rage haɗa nasa testosterone ɗin, zai iya shiga kasala da baƙin ciki mai tsanani.

Ita kuwa kwalbar, duba ta ba ya buƙatar inji. Babu lambar NAFDAC, magana ta ƙare. In akwai lamba a bincika ta a manhajar Greenbook ta NAFDAC a ga ko sunan da kamfanin sun dace, in akwai wurin kankarewa a kankare a tura lambar ta tes. In yana so a bi diddigi, NAFDAC tana da ofis a Kano tana da shi a Dutse, shi ya kai da kansa a matsayin ƙorafi, su ke da lab na wannan aikin irin na Kaduna da na Yaba a Legas, kuma su doka ta ba ikon riƙe irin wannan kayan.

Ga ɗaliban kemistiri da harhaɗa magunguna da abin yake ba su sha'awa da gaske, binciken abin da ke cikin kayan da samari ke tsirawa aiki ne mai kyau kuma muna buƙatarsa a arewa. Amma ta ƙofa ake shiga, a rubuta furofozal, malami ya amince, kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu, a nemi izinin hukuma kan samfur da ma'aunin asali, kowace kwalba a yi mata lamba a rubuta wa ya karɓa wa ya ajiye. Injin ɗaya ne, kwalbar ɗaya ce, amma wannan takardar digiri yake kawowa.

In kuma ka riga ka yi, don na san akwai mai karantawa gabansa na faɗuwa, to ka tsaya daga yau, ko da an ce wannan ne na ƙarshe. Kada ka goge fayil, kada ka yage shafin littafi, kada ka sake kwanan wata, wannan shi ke mayar da ƙaramin laifi ya zama na kora, kuma an fi saurin gano shi. In ka san ka ɓata inji ko akwai sakamakon marasa lafiya da abin ya shafa, dole a sani don a sake musu gwaji, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Ka nemi lauya ko wani dattijo a ƙungiyarku, AMLSN ce ta masu lab ɗin asibiti ko NAAT ta teknolojis ɗin jami'a ko ta ma'aikatan lafiya, kafin ka rubuta komai, in kwiri ya zo ka amsa cikin lokaci kuma kada ka yi ƙarya a ciki, kuma ka daina tattauna maganar a waya da wanda ya kawo maka. Wanda ya je da ƙafarsa ya faɗa wa oga ba a yi masa irin kallon da ake yi wa wanda aka kamo da hoton sitatus.

Shi ɗan kawun nawa ashe ya riga ya yi allura biyu daga wata kwalbar kafin wannan, a daren ya faɗa min bayan mun daɗe muna magana. Ranar Talata ya hau babur ya zo, ya yanki kati, ya ga likita, ya biya kuɗinsa, na ce abokin aikina ya ɗebi jinin ba ni ba tunda ɗan'uwana ne. Sauran ukun har yanzu ba su zo ba, ya ce ɗaya daga cikinsu yana neman lambar wani da ke aiki a wata jami'a.